Tsohuwar Kyanwa da Zanen Gwauruwa

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye, tana da tsohuwar kyanwa. Shekara goma sha uku kyanwar nan ta yi tana tsaron rumbun gidan, ɓera bai taɓa cin irin shukarsu ba. Amma tsufa ya cim mata. Haƙora suka zube, ido ɗaya ya yi fari, kunne ya yi nauyi. Tun ranar da aka fita da gawar maigidan bai komo ba, sai ta manne wa matar. In ta shiga madafa tana gindin ƙafarta, in ta zaga bayan gida tana bakin zana tana jira. Sau biyu ta kusa kayar da ita da tulun ruwa a ka.

In matar ta fita kuwa, sai kyanwa ta yi ta kuka har muryarta ta dushe, ba ci ba sha. Don haka matar ta ƙirƙiro dabara. Takan jira kyanwa ta yi barci, ta ɗauki takalmanta a hannu, ta fice da sanɗa. Ku duba fa, dattijuwa guda, babba a zumuntar mata ta coci, tana satar fita daga gidanta na kanta saboda kyanwa! Dabarar kuwa ba ta haifar da ɗa mai ido ba. Da kyanwa ta gane barci ne yake raba ta da uwar ɗakinta, sai ta daina barcin, ta koma zama a kan takalman. Ta rame har ana iya ƙirga haƙarƙarinta.

Ana nan sai ’yar matar, Tabita, wadda take aure a wani gari mai nisa, ta zo gaishe ta da cikin fari wata bakwai. Ta ce, “Mama, wa zai yi mini wankan jego in ba ke ba?”

Zuciyar matar ta rabu biyu. Ba za ta ƙi ’yarta ba, amma ta san in ta yi kwana arba’in ba ta nan, gawar kyanwa za ta tarar. Maƙwabciyarta da ke zaune a wurin ta ce, “Haba Maman Tabita! Ki sa ta a buhu a kai ta daji mana. Kyanwa ce fa, ba mutum ba.”

Matar ta ce, “Wadda ta tsare mini hatsi da ƙuruciyarta, ba zan yar da ita da tsufanta ba.”

Washegari Tabita ta ga mahaifiyarta ta ɗauki takalma a hannu za ta je rijiya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sa’an nan ta ce, “Mama, da nake ƙarama ba haka kika yi mini ba. Kikan ce, ‘Zan tafi, zan dawo,’ ki bar mini ɗankwalinki in riƙe. Ina kuka, amma ban taɓa jin tsoro ba, don ba ki taɓa yi mini ƙarya ba.”

Maganar ta shiga matar. Ta ɗauko tsohon zanen da take kwana da shi, ta shimfiɗa a kwando kusa da murhu, ta ɗora kyanwa a kai. Ta sa takalmanta a gaban idonta, ta shafa kanta, ta ce da ƙarfi saboda kunnen, “Zan tafi, zan dawo.” Ta je rijiya ta komo, ta ba ta ɗan busasshen kifi da ta jiƙa ya yi laushi.

Kada ku ce daga ranar kuka ya ƙare. Kyanwa ta yi kuka ran nan, ta yi washegari. Amma matar ba ta fasa ba. Daga rijiya ta kai ga zuwa niƙa, daga niƙa zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa sujadar Lahadi tun farko har albarkar ƙarshe. Kullum zanen nan, kullum maganar nan, kullum kuma tana dawowa. Ta lallashi maƙwabciyar ta riƙa ba kyanwa kifin da hannunta, tana bayarwa tana gunaguni.

Da Tabita ta haifi ɗa namiji, aka aiko. Matar ta shimfiɗa zane, ta faɗi maganarta, ta tafi. Ta yi wa ’yarta wankan jego kwana arba’in cur, ta ga jaririn ya yi ɓul-ɓul, sa’an nan ta kamo hanyar gida.

Tun daga ƙofa maƙwabciyar ta tarye ta da guɗa, tana cewa, “Zo ki ga abin al’ajabi!” Ga kyanwa kwance a kan zane, ta yi ƙiba, gashi yana sheƙi. A bakin kwandon kuma ga ɓera a mace, wanda rabonta da kamawa shekara uku. Ni dai ina zaton ɓeran ma tsoho ne, amma kamu kamu ne. Kyanwa ta tashi a natse, ta goga kanta a ƙafar uwar ɗakinta, ta koma ta kwanta. Matar ta ɗaga hannu ta yabi Ubangiji, hawaye yana zuba don murna.

To, ’yan’uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Kyanwar nan mu ne, masu raunin zuciya, waɗanda da zarar mun yi addu’a ba mu ga amsa ba sai mu ce an yashe mu. Amma Yesu Ubangijinmu bai ɗauki takalmansa a hannu ya sulale ba. Ya faɗa wa almajiransa a fili cewa zai tafi, zai kuma dawo. Zanen shi ne Ruhu Mai Tsarki da alkawarinsa, waɗanda ya bar mana mu kwanta a kai. Zuwa rijiya da zuwa kasuwa kuwa su ne ƙananan taimakon da ya sha yi maka, don ka koyi cewa ba ya saɓa magana. Wanda ya gaskata haka yakan ci, ya yi barci, ya tashi ya kama aikinsa.

Kai kuma mai ƙaramin yaro, ke mai tsohuwa a ɗaki, ku daina satar fita. Ku faɗi gaskiya, ku cika ta. In tsohuwar kyanwa mai ido ɗaya ta iya jiran mace kwana arba’in a kan tsohon zane, mu da Mai Ceto ya yi wa alkawari da bakinsa, me zai hana mu jira shi da farin ciki? Yana zuwa. Amin.