Malam Hadari da Hular Iliyasu

Akwai wani saurayi a garin Garwa, zamanin Shugaba Ahijo, sunansa Mas'udu. Shi ke karanta hasashen yanayi da Hausa a gidan rediyo.

Wata rana ya ce ruwa na tafe. Mahauta suka kwashe kilishinsu daga rana suka jibge a ɗaki. Ko ɗigo bai sauka ba! Nama ya yi wari, gari ya laƙaba masa "Malam Hadari". Wanda ya fi kowa asara kuwa Iliyasu ne, uban Luba, yarinyar da Mas'udu ke nema da aure. Ka ji tsautsayi.

Iliyasu ya kira shi zaure ya ce, "Kai ne ka san gaibu ko? Ka sake ambaton ruwa ko iska a akwatin nan, ka manta da Luba."

Ana nan, wata safiya masu auna yanayi suka aiko cewa iska mai ƙarfi za ta taso kan kogin Binuwai kafin azahar. Léon, abokin aikin Mas'udu, ya ce masa, "Tsallake wannan kawai. Wa zai sani?"

Mas'udu yana son Luba kamar ransa. Amma ya ce, "Ni zan sani."

Ya buɗe murya a rediyo: "Jama'a, ku kira ni Malam Hadari, na amsa. Gaibu sai Allah. Amma yau iska mai ƙarfi na tafe, kada kowa ya shiga kwalekwale!"

Iliyasu na jin haka ya ce an fasa aure, ya nufi bakin kogi zai ƙetare sayen shanu. Ya tarar da mai fito ya ɗaure jirginsa. Mai fiton ya ce, "Baba, na ji rediyo. Yau ba na kwancewa."

Iliyasu na cikin zazzaga masa masifa iska ta iso. Wayyo! Jiragen da ke ɗaure suka yi ta kifewa. Iliyasu ya rungume bishiya yana salati, hularsa ta yi tsakiyar ruwa.

Da la'asar sai ga shi ƙofar gidan su Mas'udu, kai babu hula.

"Yaro, hulata tana Binuwai. Saura kaɗan ta tafi da kaina a ciki. Turo magabatanka."

Darasi: Don an taɓa yi maka dariya, kada ka haɗiye gargaɗin da zai ceci rai, ko da abin da ka fi so ne za ka rasa. Ku tura wa wanda gori ya rufe wa baki.