Baƙin Gilashin da Hamani Ya Gada

Akwai wani mutum a Gaya ta bakin kogin Kwara mai suna Hamani, a zamanin da Nasaran Faransa ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a Dahome. Yana da amini tun na ƙuruciya, Alfari, maraya wanda ya tashi yana cin tuwo a tukunyar Inna Ajuma, mahaifiyar Hamani.

Tare suka ƙetare Kwara suka tafi aiki Paraku ta Dahome, tare suka dawo. Hamani ya dawo da keke. Alfari kuwa, wanda ya yi ƴan watanni yana yi wa wani Bayarabe mai ɗaukar hoto hidima, ya dawo da tsohon akwatin hoto mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle.

Kwanakin farko keke ne sarki. Amma ranar da Alfari ya ɗauki hoton wani masunci da ragarsa, aka ga mutum a kan takarda har da zanen fuskarsa, sai gari ya juya. Kasuwa Alfari, bakin ruwa Alfari. Keke ya koma jingine a gindin mangwaro.

Hamani yana dariya tare da mutane, amma hassada na cin sa. Yakan ce a ransa, “Ni na ja shi zuwa Paraku. Ni na yi jinyarsa da ya kwanta. Yau shi ne mutum, ni ne inuwa?”

Ana haka Madugu Seyni, babban mai fataucin goro, ya tashi aurar da ɗiyarsa Hawa. Ya aika a kira Alfari ya ce yana son hoton biki, abin da ba a taɓa yi a unguwar ba.

Alfari ya zo wurin amininsa hankali a tashe.

“Hamani, ban taɓa ɗaukar taro ba. Gilasan da hoto ke kamawa a kai biyu suka rage mini, in na ɓata su shi ke nan. Ka riƙe mini su ranar. Kowanne yana cikin gidansa na katako mai marfi. Abu ɗaya nake roƙo, kada haske ya shiga. Da rana ta gan su, sun mutu.”

“Haba Alfari, in ban riƙe maka ba wa zai riƙe?” in ji Hamani.

Ranar biki Gaya ta cika. Dangi sun zo cikin jiragen ruwa daga Tunuga, wasu a kan jakai daga Bana. Da Alfari ya shigo da akwatinsa, makaɗa suka juya kiɗa kansa, mata suka rangaɗa guɗa kamar shi ne ango. Madugu da kansa ya tashi ya ba shi hannu.

Hamani yana tsaye a gefe da gilasai a hammata. Ba wanda ya dube shi, sai wani baƙo da ya ce, “Kai mai ɗaukar wa malam kaya, matsa mana.”

Maganar nan ta soke shi. Ya zagaya bayan rumbu, inda rana ke dukan ƙasa sosai. Ya zare marfin na farko, ya mayar. Ya zare na biyu, ya mayar. Bai fi ƙiftawar ido ba. Ya dawo ya miƙa wa Alfari, fuska a sake.

Aka jera ango da maza, Alfari ya shiga cikin baƙin ƙyalle, ya ce kowa ya tsaya cak. Ya ɗauka.

Aka zo na mata. Sai amarya Hawa ta ce ba za ta zauna ba sai da wadda ta yi mata lalle da wankan aure. Aka shiga ciki aka fito da tsohuwa tana dogara sanda. Inna Ajuma ce.

Hamani ya dubi uwarsa, ya dubi akwatin.

Tsohuwar ta zauna kusa da amarya, ta gyara kallabi, ta ce, “Alfari ɗana, ka ɗauke ni da kyau. In na tafi, Hamani ya riƙa ganina, ya nuna wa jikokina.”

Mata suka yi dariya. Hamani ya buɗe baki, amma me zai ce? Ya faɗa a gaban Madugu da mutanen gari uku cewa shi ya kashe gilasan? Ya haɗiye maganar. Yana kallo uwarsa ta daure ta tsaya cak, da ɗan murmushi, gaban akwatin da ba zai kama komai ba.

Washegari Alfari ya wanke gilasan, suka fito baƙi ƙirin. Madugu ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, don biki ba ya maimaituwa kuma baƙi sun watse. Aka yi ta yi wa Alfari ba'a a kasuwa, wasu na cewa dama sa'a ya ci a kan masuncin nan.

Alfari ya ce, “Laifina ne, ban ƙware ba.” Ya ɗaure kayansa ya koma Paraku wurin maigidansa.

Hamani ya sami filin da yake so, sai dai bai ji daɗin da ya zata ba. Duk sanda ya shiga gaida Inna sai ta ce, “Yaron nan bai dawo ba? In ya zo ya sake ɗaukata.”

Ba ta ga dawowarsa ba. Tsakiyar damina zazzaɓi ya kwantar da ita, Allah Ya karɓi abarsa.

Shekaru suka shuɗe. Hamani ya haifi ɗiya ya sa mata sunan Inna. Da ta yi wayo takan ce, “Baba, da wa kakata take kama?” Sai ya rufe ido ya nemi fuskar, ya tarar tana dusashewa. Muryarta yake ji, fuskar kuwa ta ƙi tsayawa.

Alfari ya dawo ƙwararre, har kumandan Nasara mai mulkin Gaya na aikawa a kira shi. Ya zo gidan Hamani yi masa gaisuwar rasuwar Inna da ta daɗe. Bayan sun yi addu'a, Hamani ya sunkuyar da kai ya ce, “Alfari, gilasan nan…”

“Na sani,” in ji Alfari. “Tun da ka miƙo mini na ga marfin bai zauna yadda na rufe shi ba. Na yi ta fatan kuskuren idona ne, sai da na wanke.”

“Me ya hana ka tona ni?”

“Tuwon Inna. Da wane ido zan kunyata ɗanta tana raye?”

Alfari ya ciro wani abu naɗe a tsumma daga aljihu. “Na maza na zubar. Wannan na kasa. Shi ne ya kalli Inna ranar nan. Kai ya kamata ka riƙe.”

Hamani ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗaga shi sama, ya karkata dama, ya karkata hagu, ko zai ga gefen kallabi. Babu komai a cikin baƙin gilashin sai fuskarsa shi kansa tana kallonsa. Nan ya durƙushe ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Darasi: Mai hassada yana zaton hasken wani yake kashewa, bai san rabonsa na cikin abin da ya ɓata ba. In Allah Ya ɗaga ɗan'uwanka, ka riƙe masa da amana, don wata ɓarnar ko an yafe ba ta gyaruwa. Ku tura wa ƴan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai shirin zare marfi ya karanta ya fasa.