Tankin da ya ƙafe a hanyar Desley

Akwai wata mata a garin Port Augusta da ake kira Desley, direbar motar 'yan makaranta ce, shekarunta hamsin da takwas. Shekara biyu tana shirin tafiyar ƙasa ta kwana goma sha biyu cikin duwatsun yammacin garin Alice Springs, duk da an yi mata aiki a gwiwa.

Ita kaɗai take tafe da jakarta a goye. Motar da za ta ɗauke ta a ƙarshen hanya ranar Juma'a za ta zo, domin Litinin ake komawa makaranta.

A rana ta takwas ta tarar da wani dattijo mai suna Merv da 'yarsa Tegan a bakin tafkin wani kwazazzabo. Merv ya ɗaga jakarta ya dire.

"Des, rijiya kika goyo? Mu gora bibbiyu muke ɗauka, akwai tanki a kowane zango."

"Baba, ƙyale ta mana," in ji Tegan.

Desley ta yi dariya. "Ranar da harshenka ya bushe ka zo in sayar maka."

Washegari ta wuce, su kuwa suka ce za su huta kwana ɗaya su biyo ta.

Da tsakar rana ta isa zango na gaba, bayan kilomita goma sha biyu. Ta murɗa famfon tanki, ko ɗigo babu. Ta ƙwanƙwasa jikinsa, ya amsa kamar ganga. Gindinsa ya tsage, yashi ya shanye komai.

Ruwan da ke jakarta zai kai ta zango na gaba. Amma Merv da Tegan za su iso nan gobe da busassun goruna, cikin rana, ga wani kilomita goma sha biyar a gabansu. Waya ba ta kamawa. In ta bar musu takarda, sai sun iso za su gani, lokacin ba ta da amfani. In kuma ta koma, ta yi asarar kwana guda, ba za ta kai Juma'a ba.

Ta zauna a inuwar tankin ta yi kuka kaɗan. Sannan ta ɗaure gwiwarta, ta juya baya.

Da la'asar sakaliya Tegan ta hango ta tana ɗingishi.

"Tankin gaba ya fashe," in ji Desley. "Ku cika duk abin da zai riƙe ruwa."

Merv ya dube ta. "Don ki faɗa mana wannan kika dawo? Juma'ar taki fa?"

"Ta wuce. Dutsen yana nan, ba inda za shi."

Da safe ta tarar an zazzage jakarta. Merv ya ɗauki tantinta da tukunya, Tegan ta ɗauki abinci.

"Tafiyar kwana uku ta rage, kwana biyu gare ki," in ji Merv. "Ke dai ɗauki ruwa da ƙafafunki."

"Bayanka zai iya, tsoho?"

"Bayana ya fi bakina hankali."

Haka suka yi ta haɗa zango biyu a yini ɗaya. Tafin ƙafar Merv ya yi bororo, amma ya ci gaba da tafiya. Inda suka sami waya ta kama, Tegan ta sanar da ma'aikatan daji batun tankin saboda masu zuwa a baya.

Ranar Juma'a da hantsi suka hau dutsen ƙarshe. Saura taku kaɗan a kai ƙololuwa Merv ya tsaya, ya riƙe hannun 'yarsa.

"Wuce gaba, Des. Ke za ki fara takawa."

Darasi: Alherin gaske shi ne wanda ka yi alhali ka san zai rage maka wani abu da kake so. Desley ta koma baya don ran mutanen da ta sani kwana ɗaya kacal, su kuma suka kai ta inda ta fid da rai. Ku tura wa wanda ya taɓa dawowa baya dominku.