Aku da Tuwon Gwaggo Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku matso. Ke Lanti, bar tauna bakin zane, ki saurara.

A wani gari an yi wata tsohuwa mai daddawa, sunanta Gwaggo Tasalla. Maƙwabcinta Jatau ne, makaɗin garaya, mai waƙar noma. In Jatau ya saki murya a gona, ko raggo sai ya ɗauki garma. Amma fa waƙa ba ta zo masa a rana ɗaya. Sai ya yi rani guda yana gyara ta, ciki na kuka.

Sai Tasalla ta ce, "Jatau, zauna ka yi waƙarka, tuwonka na wuyana. In damina ta faɗi aka taru gayya a gonaki, damin da manoma suka ba ka sai mu raba."

Ya ce, "Gwaggo, rumbunki ƙarami ne fa."

Ta ce, "Nawa ne ko naka? Kaɗa garayarka!"

Kullum yana gindin tsamiyar gidanta yana kiɗa, tana kai masa tuwo. Ashe wani dillali mai wayon tsiya, wai shi Cindo, yana rataye kejin akunsa a bayan danga. Aku kuwa kun san shi, duk abin da ya ji sai ya haddace, har ƙarar garayar.

Ruwa ya sauka, waƙa ta nuna, rumbun Tasalla kuma ya zama fayau. Sai ta ɗauki ƙatuwar ƙwarya, tana rawar jiki, ta bi Jatau gayyar Tungar Dorawa. Jatau ya ɗaga murya:

"Garma ta sha ƙasa, ƙasa ta sha ruwa,
Duƙa, ɗan uwana, bana sai dawa!"

Sai manoma suka ce, "Af! Ai waƙar akun Cindo ce. Jiya ya yi mana ita a kan tafin gyaɗa. Ba ka da sabuwa?" Suka dawo da ƙwarya wayam.

Washegari suka tafi Gidan Maje. Jatau bai gama baitin farko ba aka tuntsire da dariya. Wani ya ce, "Malam, ba ka jin kunya? Ƙato da kai ka saci waƙar tsuntsu!"

A hanya Jatau ya ɗaga garaya zai fyaɗa da ƙasa. Tasalla ta riƙe hannunsa, ta ce, "Ka fasa ta, in fasa maka ƙwaryar nan a ka! Hatsina ne a cikinta!" Ta faɗa da ƙarfi, amma wallahi ba ta san abin da za ta ɗora a murhu ba.

Rana ta uku sai gonar Sarkin Noma. Kai, jama'a! Gari uku sun taru. Suna isa suka tarar Cindo ya riga su, aku yana ta zuba waƙa, garmuna na tashi. Shi Cindo saboda rowa baiti biyu kawai yake bari aku ya yi, sai ya rufe keji da tsumma. Ko shi kansa bai taɓa jin ƙarshen abin da tsuntsun ya haddace ba.

Sai Sarkin Noma ya ce, "Bar shi ya kai ƙarshe, dami biyar naka ne!"

Cindo ya yar da tsumma. Aku ya yi baiti na uku, ya yi na huɗu. Sai ya yi tari irin na Jatau. Sai kuma aka ji muryar tsohuwa daga bakinsa:

"Jatau, zo ka ci, tuwo zai huce."

Muryar namiji ta ce, "Ke fa, Gwaggo?"

"Ni na ci nawa tun ɗazu."

Sannan aku ya yi ƙasa da murya, irin ta tsohuwar: "Ya Allah, na share rumbu. Kwana biyu ban sa komai a baki ba. Ka sa waƙar nan ta karɓu, kada yaron nan ya sani."

Tasalla ta ja mayafi ta rufe fuska, kunya kamar ta nutse. Jatau ya juyo ya dube ta, sai hawaye shar.

Sarkin Noma ya ce, "Cindo, akunka rumbu gare shi?"

Cindo ya fara kame-kame. "Ranka ya daɗe, ai waƙa iska ce, ta kowa ce."

Sai Tasalla ta yaye mayafi, ta ce, "Iska? Iska ce ta cinye min rumbu? Wannan iskar da tuwona aka hura ta!"

Jama'a suka ɗau ihu. Aka ce Jatau ya yi waƙarsa da bakinsa. Ya ja garaya, ya ƙara sabon baiti nan take da sunan Tasalla a ciki, abin da aku ba zai taɓa iyawa ba. Kafin la'asar an nome gonar tas. Dami ya taru, aka kasa biyu, na mai waƙa da na mai tuwo. Cindo aka ɗora wa kayan, ya yi ta sawu har gidan Tasalla, aku na bisa kafaɗarsa yana ihu, "Na share rumbu! Na share rumbu!"

Tasalla ta tuƙa tuwo ta ajiye gaban Jatau. Ya tura mata kwanon, ya ce, "Ba zan ƙara yarda da 'na ci nawa' ba. Sa hannu ina kallo." Ta kai loma baki, tana dariya tana share ido.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a nan. Duk ranar da waƙa ta yi muku daɗi, ku tambaya wa ya yi ta, wa kuma ya ciyar da shi, ku ba kowa haƙƙinsa. Ke Lanti, tashi ki kai wa uwarki kwanon nan.