Ƙarfe Biyar a Tsakiyar Kogi

An yi wani mutum a nan Hamburg, mai shirya fim. Ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa suna raye. Maƙwabcina Hartmut, wanda ya riƙe masa kyamara, shi ya ba ni labarin.

Mutumin nan ya kwashi ma'aikata arba'in zuwa kurmin Amurka ta Kudu, zai yi fim a kan wani sojan mulkin mallaka da ya shiga daji ya ce duk ƙasar tasa ce. Wata takwas ana abu ɗaya. Tun yana koya wa ɗan wasa yadda ake zalunci, har aka gane shi ya fi iyawa. Mai zazzaɓi ma sai ya tashi ya yi aiki. Mutanen yankin kuwa, bai taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba. Duk fim ɗin da aka ɗauka yana cikin akwatin ƙarfe, ƙafarsa ƙafar akwatin, don bai yarda da kowa ba.

Ranar ƙarshe ya tsayar da kowa a kan wani tudun yashi a tsakiyar kogi, 'yan wasa cikin sulke mai nauyi, yana jiran rana ta sunkuya ta ba shi hasken da yake so. Wani tsohon masunci, Eusebio, ya zo da kwalekwale ya nuna masa ruwa ya yi ja, ga itatuwa suna wucewa. Ya ce an yi ruwan sama a kan duwatsu, ambaliya na tafe.

Mutumin ya ce, "Jadawali ya ce yau. Kogin ya jira."

Subhanallahi! Ya 'yan uwa, wa ya taɓa rubuta wa kogi jadawali?

Kowa ya tsorata, ba mai bakin musa masa. Amma kun san mutanenmu na nan da lokacin tashi daga aiki. Gudrun, mai kula da fitilu, wakiliyar ƙungiyar ma'aikata, ta dubi agogo.

"Ƙarfe biyar, maigida. An tashi."

"Ke! Minti goma kawai! Kin san abin da za ki ɓata?"

"Abin da ke cikin yarjejeniya na sani. Hartmut, saki abin nan, kada matarka ta shiga takaba saboda faɗuwar rana."

Suka faɗa jiragen masunta. Mai shirya fim ɗin kuwa ya tsaya da kyamara da akwatinsa, yana zaginsu matsorata.

Ba su gama hawa gaɓa ba ruwan ya iso, tudun yashi ya ɓace ɓat. Hartmut ya ce ya ƙirga mutane sau uku, arba'in cif, sai ya zauna a taɓo yana kuka yana dariya. Wallahi ni ma da ya kawo nan sai da na yi ajiyar zuciya. Alhamdu lillahi, ko mutum ɗaya bai halaka ba!

Shi ma mai shirya fim ɗin, Eusebio ne ya cafko shi daga cikin ruwa ta wuyan riga, a sume. Akwatin kuwa kogi ya tafi da shi. Da aka dawo gida, babu wanda ya sake yarda ya yi masa aiki. A nan ya tsufa, a wani shagon gahawa kusa da tashar jiragen ruwa, yana kwatanta wa baƙi fim ɗin da ba wanda ya taɓa gani.

Girman kai ke nan, jama'a. Buri ba laifi ba ne, amma ranar da burinka ya fi ran ɗan'uwanka daraja a idonka, ka ji tsoron Allah. In an ba ka shawara, kada ka dubi rigar mai ba ka.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya haɗa mu da masu tsawata mana kafin mu halaka. Amin.