Marin da Ke Ƙafar Tunau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da babbar mota ba ta shiga ƙauye sai ranar kasuwa. Sunansa Sallau. Ku na baya ku matso, yau maƙogwarona ba daɗi, ba zan ɗaga murya ba. Kai kuma mai farar hula, mayar da wayar nan aljihu, ba guduwa za ta yi ba.

Sallau ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne. Igiya yake tufkawa ya kai kasuwa. Abin da aka san shi da shi a garin wata 'yar wuƙar aljihu ce, irin mai naɗewar nan mai baki da yawa. Wani direba ne ya ba shi, ranar da motarsa ta kafe a laka Sallau ya yini yana taya shi haƙa. Ka buɗe nan, wuƙa. Ka buɗe can, almakashi. Ga filaya, ga sukudireba, ga basilla, ga kuma wani ɗan magagari na goge ƙarfe wanda bai wuce ɗan yatsa tsawo ba. In ya naɗe ta duka, sai ta ɓace a tafin hannunsa.

Da ita yake hidimar gidansa, da ita yake hidimar gidajen mutane. Mariƙin bokiti ya fita, a kira Sallau. Lagwanin fitila ya ƙone yana hayaƙi, ya datse shi da almakashi. Ƙyauren ɗaki ya saki, rediyo ya kwance, takalmi ya tsinke, ƙaya ta karye a diddigen mutum, duk Sallau. Ranar Juma'a da safe kuwa sai ya zaga gidajen tsofaffin da idonsu ya yi rauni yana yanke musu farce. In ya gama aiki ya goge ta da gefen riga, ya ɗiga mata man gyaɗa a gaɓoɓi, ya rufe bakunan ɗaya bayan ɗaya. Har matarsa Tabawa takan yi masa tsiya, ta ce da ita ake shafa wa mai haka da tuni ta yi ƙiba.

To, ku saurara.

A ƙarshen garin, kusa da wata rijiya da ta ƙafe, akwai gidan wata tsohuwa, Iya Yalwa. Tana da ɗa guda, Tunau, wanda ya samu taɓin hankali tun yana saurayi. Wata rana ciwon ya motsa ya cinna wa rumbu wuta. Sai baffansa Jatau, ƙanin ubansa, ya ɗauko wani boka. Boka ya sa maƙeri ya buga wa Tunau mari, wato ƙarfe a wannan ƙafa, ƙarfe a waccan, sarƙa a tsakani. Ba kwado, ba mabuɗi, ƙusa aka zura aka daddake kanta don kada ta sake fita. Kafin bokan ya tafi ya tara mutane ya ce ya ɗaure aljanin a cikin ƙarfen, duk wanda ya yanke marin nan aljanin zai bi shi gida.

Ƙarya ce, jama'a, ƙarya tsagwaronta. Amma ta samu wurin zama a zukatan mutane, ta zauna daram.

Shekara da shekaru Tunau na cikin ɗaki ɗaya. In rana ta take, gari ya yi tsit, awaki sun kwanta a inuwa, sai ka ji sarƙa daga bayan katanga, kacau, kacau, yana zagaya ɗakin. Mata masu zuwa itace sun daina bi ta nan. Ba mai shiga wurinsa sai uwarsa.

Ran nan da hantsi sai ƙarar ta ɗauke. Mutanen unguwa sun lura da shirun tun kafin labari ya fito. Ashe zazzaɓi ne ya kwantar da shi, Iya Yalwa ta shiga da kunu ta same shi a miƙe, jiki ya yi sanyi, ta kira shi bai amsa ba, ta girgiza shi bai motsa ba. Aka kira Jatau, ya tsaya daga bakin ƙofa ya leƙa, ya ce rai ya yi halinsa. Aka kira liman, shi ma daga bakin ƙofar ya tsaya ya yi addu'a. Aka aika masu haƙa kabari, aka yanko likkafani, aka jingine makara a jikin katanga.

Da aka zo maganar wanka sai aka tuna da marin. Maƙerin da ya buga shi ya daɗe da rasuwa. Ɗansa da ya gaji maƙerar ya ce shi yana da iyali, a nemi wani. Ya ƙara da cewa ko da zai yi, sai dai da guduma. Liman ya girgiza kai.

"Guduma za ta karya ƙashi," in ji shi. "Karya ƙashin mamaci kuwa haramun ne."

Jatau ya dubi rana ya ce, "To a naɗe shi da ƙarfensa. An gama haƙa kabari, zafi ake yi, gawa ba ta jira."

Nan Iya Yalwa ta taso da sandarta, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta miƙe ƙafa ta tare hanya. Ba ta yi kururuwa ba. A hankali ta ce, "Jatau, ya yi rayuwarsa a ɗaure. Ba zai kwanta a kabari a ɗaure ba. In za ku fita da shi haka, sai dai ku tsallake ni."

Maza cike da tsakar gida, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Wallahi in na zo nan wurin raina ɓaci yake yi. Duk masu manyan riguna suna nan, amma wanda ya miƙe mai tufka igiya ne.

Sallau ya ce, "Iya, bari in gwada."

Jatau ya ga abin da ya ciro daga aljihu ya ce, "Da abin yankan farcen nan? Sai gobe ke nan."

"Zai ci a hankali, Baba."

"Ka dai san abin da aka ce game da ƙarfen nan."

"Na sani," in ji Sallau. "Kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba."

Kun ji? Bai ce shi jarumi ba ne. A garin ya tashi, maganar bokan nan ya sha jin ta kamar kowa, kuma yana da mata da 'ya'ya a gida. Ya durƙusa ya wuce ta gefen tsohuwa ya shiga.

Rana tsaka ce, amma cikin ɗakin duhu. An toshe tagar da laka tun da daɗewa, sai wani siririn haske da ke saukowa ta ɓular rufi. Da idonsa ya saba sai ya ga daɓen ya zaizaye, sarƙa ta ci masa hanya zagaye guda, kamar inda ake ɗaure jaki. Jikin bango duk sawun farce. Tunau na kwance a kan tabarma an lulluɓe shi da zane, ƙafafunsa kaɗai a waje. Sallau ya zauna wajen ƙafafun, ya yi bisimilla. Ya cire hularsa ya cusa tsakanin ƙarfe da fata don kada magagari ya goge naman. Wani zai ce mamaci ne, me zai ji? Sallau bai yi wannan lissafin ba.

Ya buɗe ɗan magagarin ya ɗora a kan ƙusa ya fara gogawa. Ƙarar ta cika ɗakin, ƙirit, ƙirit, har waɗanda ke waje suna ji. Garin ƙarfe na zuba kaɗan-kaɗan kamar toka. Aka kira azahar, ya fito ya yi salla ya koma. Jatau na ta kai da kawo a tsakar gida yana cewa an hana bawan Allah makwancinsa saboda rigimar tsohuwa. Wasu suka gaji suka zame suka tafi. Yatsun Sallau suka yi bororo, bororon ya fashe, ya naɗe su da gefen riga ya ci gaba. Can kan ƙusar farko ya cinye, ya sa filaya ya zare ta, ƙarfe ya buɗe. Fatar da ke ƙarƙashi fara fat kamar ɓararren rogo.

Ya koma ƙafa ta biyu.

Yana cikin gogawa sai ya ji sarƙar ta yi kacau. Ya tsaya cak. Hannunsa bai taɓa ta ba. Ya kasa kunne, shiru, ko ƙuda ba ya motsi a ɗakin. Ya ce a ransa ƙila gwiwarsa ce ta ture ta. Ya ci gaba. Bai jima ba sai ya ji wani abu mai sanyi ya shafi wuyan hannunsa. Ya duba. Babban yatsan ƙafar ne ya lanƙwashe, ya sake miƙewa.

Jama'a, tsigar jikinsa ta tashi. Abin da ya zo masa shi ne maganar boka ta tabbata, ya buɗe ƙarfe guda, abin ya fara fitowa. Ƙofa na bayansa a buɗe, yana jin muryoyin mutane. Da ya tashi ya fita ya ce ya kasa, ba wanda zai zarge shi, kowa ma zai ce ya yi ƙoƙari. Ya tuna Tabawa, ya tuna 'ya'yansa. Har ya dafa ƙasa zai miƙe sai ya jiyo tsohuwa a bakin ƙofa tana magana ita kaɗai, ƙasa-ƙasa, tana cewa, "Yi haƙuri Tunau, yanzu za a kwance ka."

Sallau ya koma ya zauna. Ya ce, "Ya Allah, ko me ke cikin ɗakin nan, Kai ka halicce shi. Bar ni in gama."

Ya ci gaba da gogawa, bai yarda ya dubi wajen zanen ba. Haƙoran magagarin suka cinye, ya zama sumul, ba ya cin komai. Saura ƙiris a kan ƙusar. Ya buɗe filaya ya kama ya murɗa da iya ƙarfinsa. Ƙusa ta karye, ita ma 'yar wuƙar ta tsage daga gindi, bakunanta suka watse a kan daɓe. Ƙarfe na biyu ya faɗi.

Sai daga ƙarƙashin zanen wata murya ta fito, a bushe, da ƙyar ake jin ta.

"Iya."

Sallau ya juyo ya dubi zanen.

"Iya, ƙishirwa."

Ya miƙa hannu ya ɗaga zanen. Idanu biyu a buɗe suna kallonsa, ƙirji na ɗagawa a hankali. Babu wani aljani. Mutum ne, mai rai, wanda zazzaɓi ya jefa cikin dogon suma, kuma ban da tsohuwar da hannunta ke rawa ba wanda ya matso kusa da shi balle ya tabbatar.

Sallau ya fito bakin ƙofa, jini a yatsunsa, ya ce, "Iya, kawo ruwa. Yana kiranki."

Wasu suka zura da gudu har da barin takalma. Jatau ya zauna daɓas a ƙasa. Liman ya dubi makarar da ke jingine, ya dubi likkafanin da ke hannunsa, ya ce, "Inna lillahi. Da mun naɗe shi da ƙarfensa, da yanzu ƙasa na kansa." Da la'asar aka koma maƙabarta aka cike kabarin ba kowa a ciki.

Ban ce muku Tunau ya warke sarai ba, ba zan ƙara gishiri ba. Wani lokaci yakan yi surutai, wani lokaci ya yi kwanaki bai ce uffan ba. Amma ba a sake sa masa ƙarfe ba, kuma bai sake cutar da kowa ba. A tsakar gida yake zama kusa da uwarsa yana ɓare mata gyaɗa. Ranar da Iya Yalwa ta rasu, da kafaɗarsa aka ɗauki makararta. Sallau kuwa ya tsufa da hankalinsa garau, ba abin da ya bi shi gida. 'Yar wuƙar dai ba ta gyaru ba, kuma ba a taɓa jin ya yi zancenta da baƙin ciki ba.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi. Haƙuri a kan ƙaramin aiki na alheri, wanda kowa ke ganin ɓata lokaci ne, shi Allah ya sa ya ceci rai a ranar nan. Gaggawa da tsoro kuwa saura kaɗan su binne mutum da ransa, kuma da hannun mutanen da ke salla a sahun gaba. Kada waninku ya ce ba shi da abin taimako. Abin da ke hannunka, komai ƙanƙantarsa, a kansa za a tambaye ka, kuma in ya ƙare a hidimar bawan Allah bai ɓata ba.

Kuma ina magana da ku, ba da mutanen wancan gari ba. A cikinku akwai mai mara lafiya a ɗakin baya, wanda ake tura wa kwano da ƙafa. Akwai mai tsoho a gida da ya yi kwana da kwanaki bai zauna kusa da shi ba, sai dai ya ɗaga labule ya ce sannu ya wuce. Na san wasunku, kada ku sa in kama suna. In kun tashi daga nan ku shiga ɗakin, ku zauna, ku riƙe hannunsa, ku ji abin da yake so tun yana iya faɗa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba mu zuciyar zama da su. Ku tashi, lokacin salla ya yi.