Ƙullin da Na'ura Ba Ta Ƙirga Ba

Ku gyara zama, yau ba labarin dariya na kawo muku ba, shari'a ce.

A Tudun Marke, gangaren wata masana'antar jimar fata, ruwan rijiyoyi ya soma wari, yara na fama da ciwon ciki, mata na ta ɓari. Wata hukuma ta ce gari ɗaya tak za ta gyara wa ruwa cikin garuruwan da aikin fata ya lalata. Aka sa Dakta Barira, 'yar garin da ke aiki a birni, ta ƙirga duk binciken da aka taɓa yi kan takalmin fata, tun daga fiɗar saniya har ranar da za a jefa shi juji. Garin da sunansa ya fi fitowa, shi za a gyara wa.

Barira ta yi aikinta tsakani da Allah. Na'urarta ta zaƙulo takardu dubu uku, sai dai ita na'urar ba ta ganin komai sai abin da manyan mujallu suka buga da Turanci. Tudun Marke bai fito ko sau ɗaya ba. Ta san warin rijiyar gidansu sarai, amma ta ce mai bincike ba ya rubuta abin da hancinsa ya ji. Ta sa hannu a rahoton.

Yayanta Ɗanjuma kuwa, malamin kimiyya a sakandaren garin, shekara bakwai yana auna ruwan nan rijiya-rijiya. Da Hausa ya rubuta sakamakon a wani littafi, don masu shan ruwan su karanta. Ya rantse ba zai roƙi wani Bature ya yarda 'yan'uwansa na mutuwa ba. Littafin na can cikin durowa, gara na yin nata nazarin.

Sai goggonsu Tabawa, ungozomar garin. Duk ɓarin da aka yi a hannunta sai ta yi ƙulli a jikin wata igiya, har ƙulli tamanin da ɗaya. Ba ta taɓa nuna wa kowa ba, wai sirrin mata ba abin kaiwa ofis ba ne.

Aka kai gyara wani gari. Damina na zagayowa, ƙanwarsu Asabe ta rasu da cikin wata bakwai. A wurin zaman makoki ne Barira ta fara ganin littafin da igiyar, ta fashe da kuka.

"Yaya, me ya hana ka ba ni wannan?"

"Kin tambaye ni? Na'ura kika tambaya."

Goggo Tabawa ta jawo igiyarta ta ƙara ƙulli ɗaya. Har yau ruwan nan ake sha a Tudun Marke, don babu wani ruwan.

To jama'a, babu mugu a cikinsu. Amma tsakanin wadda ta ƙirga ba ta tambaya ba, da wanda ya auna ya adana, da wadda ta ƙulla ta yi shiru, alhakin Asabe a wuyan wa ya fi nauyi?